Hoton Saniyar Baffanka

Ƙofar Rini, Sakkwato.
Laraba, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma.

Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda cikin lafiya da natsuwa, ko da yake a yanzu da nake rubuta ta katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina zaune a zaure, na dawo daga sallar La'asar, babu wuta tun hantsi, ina kuma jin innarka tana yi maka faɗa a kan kilishin da ka ce jakarka ba za ta ɗauka ba. Motarka ta Kaduna za ta tashi gobe Alhamis ƙarfe bakwai na safe, in direban ya cika alkawari.

Kai ne ɗan fari. Ka san ban saba zama da kai in yi doguwar magana ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ka karanta ta yau, kada ka bari sai ka shiga mota.

Shekara shida ke nan Baffanka Garba, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, bai amsa mini sallama ba. Ka ji labarin a bakin mutane, kowa da yadda ya faɗa maka, amma ba ka taɓa jin sa a bakina ba. Da na bar shi a haka, sai innarka ta gaya mini irin aikin da aka ɗauke ka a gidan jaridar nan: za ka zauna a tebur kana bin shafukan sada zumunta, kana zaɓo hotunan da mutane suka ɗora, ana yin labari da su. Ranar da na ji haka ban iya cin tuwo ba. Wani da ke zaune a irin wannan tebur ne ya zaɓi hoton Baffanka. Ni kuma na ɗauki hoton.

Bari in fara daga farko, don kada in tsallake wani abu.

A lokacin ina cikin wani guruf na hotunan Sakkwato a shafin sada zumunta. Mutane na ɗora tsofaffin hotunan ƙofofin gari, da majema, da maƙera, da na kasuwa tun ana rufa rumfuna da zana. Ba wurin banza ba ne, ko da me za ka ji ana faɗa. Na ga ranar da wata baiwar Allah da ke aure a Jos ta gane mahaifinta a wani hoton majema, shi kuwa ya rasu tana goye, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ranar kowa a guruf ɗin ya yi ta yi masa addu'a. Abin da ya dame ni shi ne babu hoton fawa ko ɗaya. Mu mahauta ne tun kakanni, ni kaɗai aka kai boko har na zama malamin firamare, kuma na san yadda ake cin namanmu ana raina sana'armu. Na ce bari in nuna wa mutane aikin gidanmu.

Wata Asabar cikin bazara na tafi mayanka da sassafe. Ana sauke shanu daga tirela, sai wata farar saniya ta zube. Ta kwana biyu a tsaye cikin zafi, ƙafafunta sun gaza. Baffanka ya yi ihu, "Ku kawo wuƙa! Maza, tun tana da rai!" Ka san hukuncin, tunda a hannunsa ka tashi: dabbar da ta faɗi, in an yanka ta jini ya yi tsartuwa, ta kuma yi shure-shure, to ta halatta. In ba ta motsa ba, mushe ce, a ja ta a binne. Duk mahaucin kirki yana tsayawa ne ya ga wannan motsi, kuma yana son a samu shaidu.

Na ɗaga waya na ɗauka. Ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu ne, na tuna don wayar ta rubuta. A hoton, saniya na kwance a gefenta, harshe waje, ido ya juye, Baffanka na durƙushe a wuyanta da wuƙa, fuskarsa ta fito sarai. Ina duba ko hoton ya yi kyau, sai na ji mutane sun ɗauka gaba ɗaya, "Ta motsa! Alhamdu lillahi, ta motsa!" Daga baya malamin duba nama ya zo ya duba hanta da huhu, ya buga hatiminsa. Da rana na ɗora hoton, na rubuta layi huɗu a ƙasa ina bayanin duk wannan, ina alfahari da zafin naman yayana.

Kuskurena na farko shi ne ban tambaye shi ba. Taku uku ne tsakaninmu. Da na nuna masa, da ya ce, "Kai, wanga hoto awa mushe," da magana ta ƙare a nan. Shi da ya shekara talatin yana wannan aiki zai ga abin da ni ban gani ba: duk halaccin saniyar nan a motsinta yake, hoto kuwa ba ya motsi. Don haka, Magaji, duk hoton da ya zo teburinka, ka tambayi kanka me ya faru kafin a ɗauka, me ya faru bayan an ɗauka. In ba ka sani ba, to ba ka san abin da ke hannunka ba. Kuma fuskar da ke ciki tana da mai ita, yana da rumfa, yana da surukai.

Kwana tara bayan haka wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa a ofishin malamai. Shafin wata jarida ne. Ga hoton, an yanke layukana huɗu, an sa babban kai a sama cewa ana yanka matattun shanu ana kai wa mutane kasuwa. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa hoton daga kafofin sada zumunta yake. Babu sunana, babu ranar da aka ɗauka. Babu wanda ya kira ni, alhali lambata tana nan a shafina ga duk mai nema.

Mai kula da guruf ɗin, wani dattijo mai ɗinki, ya kira ni ya ce, "Malam, don Allah kada ka taɓa komi. Bar shi yadda shike." Na ce to. Ina kashe wayar na goge hoton daga guruf, na kuma goge shi daga wayata. A raina gani nake in na goge, abin zai tsaya. Wannan ne kuskure na biyu. Hoton da na goge shi ne kaɗai mai bayani a ƙasa, mai rana da lokaci, kuma a ƙarƙashinsa mutum biyu da ke wurin sun rubuta cewa sun ga motsin da idonsu. Na share mai gaskiyar, na bar yankakken yana yawo.

Da na je ofishin wakilin jaridar in nemi gyara, ya karɓe ni da mutunci, har ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce in nuna masa asalin hoton. Na ce na goge. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ko da ba ka goge ba, abin da ke yawo a waɗannan shafuka ai ba hujja ba ne. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama."

Na ce, "To ai can kuka ɗauko shi."

Ya ce, "Mun ɗauko ne don mu nuna wa jama'a irin abin da ke yawo."

Na hau babur na koma gida. Shawarata a nan gajeriya ce. In tsoro ya kama ka, ka ajiye wayar ka je ka yi alwala. Kada ka goge komai, kada ka gyara komai, sai ka nemi wanda ya fi ka natsuwa. In kuma wata rana wani ya zo ofishinku yana cewa hotonsa ne kuka yanke, kada ka ba shi ruwa ka sallame shi. Ka zauna ka nemo asalin tare da shi.

Na uku ya fi su nauyi, kuma shi ne wanda mutane ke ba ka labarinsa a karkace.

A makon nan wani gidan rediyo ya yi shirin kiran waya a kan maganar. Ka san matsayin rediyo a gidanmu. Kakanka, in lokacin labarai ya yi, ko tari ba a yi, kuma duk gardamar da aka ce "an faɗa a rediyo" ta mutu. Da wannan tarbiyya na kira, ina ganin can ne za a wanke yayana. Mai gabatarwa ya buɗe shirin da cewa shafukan sada zumunta bolar gari ce, majalisar marasa aikin yi, amma wani lokaci a bola ake tsintar abin da aka ɓoye. Da aka sa ni a layi na ce ni na ɗauki hoton, kuma mutumin yayana ne.

Ya ce, "Madalla. Malam, lokacinmu kaɗan ne. Saniyar nan a kwance take kafin a sa mata wuƙa, ko a tsaye?"

Na ce, "A kwance."

"Ta iya tashi?"

"A'a, amma..."

"Ka ce ta motsa bayan yanka. Kai da idonka ka ga motsin?"

Magaji, ban gani ba. Ina kallon waya. Na ji mutane sun ce ta motsa, na ga jinin a ƙasa, amma motsin kansa ban gani ba. Ni kuwa ka san halina, ko yawan ɗaliban aji aka tambaye ni sai na sake ƙirgawa. Na ce, "Da idona dai ban gani ba, amma..." Ya ce, "To, masu sauraro kun ji, ƙaninsa ma bai gani ba. Mun gode, Malam." Aka katse layin, aka sa tallar sabulu.

A daidai lokacin Baffanka na rumfa, mahauta sun kewaye rediyo ɗaya, don ni da kaina na aika masa cewa ya saurara.

Bayan Magariba ya zo wannan zauren da nake zaune yanzu. Bai zauna ba. Ya ce, "Kai anka kai boko don ka zan bakinmu. Yau ka buɗe bakin, ka ce ba ka gani ba."

Na ce, "Yaya, gaskiya na faɗa."

Ya ce, "Ban ce ƙarya kay yi ba." Sai ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini gwiwa. Har lokacin tana da baƙin tabo, inda saniyar ta shure shi. "Ga motsin nan. Kana tsaye kaina tab buge ni, kai kana kallon gilashi. Wanga ba ya shiga rediyo, ko?" Ya sauke wandon ya fita. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Ba ina ce maka da na yi ƙarya ba. Ko yau aka sake tambayata, ban gani ba. Kuskurena shi ne na ɗauki gaskiyar da ke bukatar minti goma na kai ta inda ake ba da minti ɗaya, na kuma tafi ni kaɗai. Mutum fiye da ashirin sun ga motsin nan. Malamin duba nama yana nan da ransa. Da na zauna kusa da ɗayansu na miƙa masa wayar, da shi ke nan. Na ɗauka tunda ni ne mai boko, ni ya kamata in yi magana. Ka kiyayi wannan girman kai, yana zuwa ne da kamar taimako. In kuma wata rana kai ne mai tambaya, ka ji mutum ya ce "amma", ka bar shi ya ƙarasa. Sau biyu na ce "amma" a shirin nan.

Sarkin fawa ya tara mutane ya wanke Baffanka. Malamin duba nama ya rubuta takarda ya sa hannu. Na kai kwafinta gidan jaridar da gidan rediyon, ban taɓa ji ko ganin an ambace ta ba. Wataƙila an yi ban sani ba, ba zan rantse ba. Abin da na sani shi ne masu sayar da abinci da suka shekara suna aiko masa suka koma wasu rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi faɗa da shi ba, sun dai ce masu cin abincinsu na tambaya. A unguwa aka laƙaba masa suna, ba zan rubuta shi a nan ba, ka san shi. Kafin shekara ta zagayo ya bar rumfar da kakanka ya bar masa. Yanzu kullum sai ya tashi daga gidansa a unguwar Gidan Dare ya tafi garin Wamakko yana gasa tsire a bakin titi, inda matafiya ba su san fuskarsa ba. Mutumin da ke kayar da sa uku kafin hantsi.

Kuskure na huɗu ya fi kowanne tsawo, don shekara shida na yi ina tafka shi. Na je gidansa sau biyu a watan farko, na yi sallama, ba a amsa ba. Maimakon in koma na uku, sai na nemi gurbin karatu. Na ce sai na fahimci abin da ya same mu. Asabar da Lahadi ina aji da sa'o'inka ina karanta aikin jarida, ga shi wata biyu da suka wuce na kammala digiri ina da shekara arba'in da tara. Kundina a kan yadda jaridu da gidajen rediyo ke kallon shafukan sada zumunta na rubuta shi.

Ba zan kawo maka alƙaluma ba, don abin da na tara kaɗan ne, bai kai in yi hukunci da shi a kan kowa ba. Amma zan faɗa maka abin da na yi ta ji har kunnena ya saba. Da safe a ce shafukan nan matattarar ƙarya ce, ba su da edita, ba su da kunya. Da yamma a buɗe labarai da hoton da aka kwaso daga can. In hoton ya yi daidai, gidan jarida ne ya bankaɗo. In ya zama kuskure, ai dama abin da ke yawo ne. Kuma ba duka zarginsu ne ƙarya ba. Na ga yadda aka yi ta tura hoton Baffanka daga guruf zuwa guruf, har da mutanen da suka ci namansa a sunan 'ya'yansu. Na kuma haɗu da 'yan jarida masu tsoron Allah, waɗanda ke kiran mutum sau biyar kafin su rubuta layi ɗaya. Don haka kada ka raina manyanka a ofis, kada kuma ka koyi raina mutanen da kake cin abinci da hotunansu. In za ka ɗauki hoton mutum, ka nemi wanda ya ɗauka, ka kira shi, ka karanta abin da ya rubuta a ƙasa. In an ce maka babu lokaci, ka ce a ba wani ya sa. Za su ce kana da nawa. Ni ma an faɗa mini, kuma ban taɓa nadamar nawa ba, sai ta gaggawar da na yi sau uku a mako biyu.

Malamin da ya duba kundina ya yaba, ya ce in ci gaba. Na karɓi takardar sakamako na fito, na tsaya a bakin titi, na rasa wanda zan kai wa. Wanda ya sayar da ɗan maraƙinsa ya saya mini kayan makaranta ina aji ɗaya yana Wamakko yana fifita garwashi. A nan na gane cewa karatun nan, duk da amfaninsa, wurin ɓuya na mai da shi. Ya fi mini sauƙi in rubuta shafi tamanin da in sake tsayawa a ƙofar gida ɗaya. Kada ka yi haka da kowa, ɗana. In ka ɓata wa mutum, ka koma na uku, ka koma na goma, tun abin bai yi tauri ba.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Na san gobe bayan Asuba za ka je Gidan Dare ka yi wa Baffanka sallama, don shi ya riƙe ka tun daga yaye har ka gama firamare, kuma ba zai bar ka a tsaye a waje ba. Ina so in bi ka. Ba na son ka roƙe shi a madadina, ba na son ka sa baki. Ni zan riƙe maka jaka, in tsaya a zaure. Ba zan tafi da takardar malamin duba nama ba, ba zan tafi da kundi ba, ba zan yi bayani ba. Zan ce masa na yi kuskure, ya yafe mini. In ya juya baya, ka karɓi jakarka ka wuce tasha, kada ka rasa mota saboda ni. In kuma kana ganin zuwana zai ɓata maka sallamarku, ka gaya wa innarka kafin Isha, za ta faɗa mini, ba zan ji haushi ba.

Na saba in rufe kowane rubutu da abin da ban tabbatar ba, don kada a ɗauka na san fiye da abin da na sani. Ga su:

Ban san wanda ya fara fitar da hoton daga guruf ba. Ina da zato, amma zato ne, ba zan rubuta suna ba.

Ban san ko a gidan jaridar aka yanke bayanina ba, ko a yanke ya iske su.

Ban san ko wanda ya zaɓi hoton ya taɓa jin abin da ya biyo baya ba. Mai yiwuwa sabon ɗauka ne, a makonsa na farko, yana son ya burge edita.

Ban san ko mai gabatar da shirin da gangan ya katse ni ba, ko lokacin talla ne ya yi.

Ban san wayoyi nawa ne hoton ke kwance a cikinsu har yau ba, ko ranar da wani zai sake tono shi ya ce jiya aka ɗauka.

Ban san ko za ka yarda in bi ka ba.

Ban san ko zai amsa ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki. Ya tsare hannunka daga cutar da wanda ba ka sani ba, Ya tsare ka daga hannun wanda bai san ka ba. Ya haɗa ka da manya masu haƙuri, Ya ba ka abinci na halal. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran innarka ranar Juma'a. Ka karɓi kilishin nan, kada ka sa ta kuka.

Ni dai da Asuba zan kasance a zaure, da takalmina a ƙafa.

Wassalam.
Mahaifinka.